Ranar Da Na Kira Sunan Ɗan Farina A Gaban Dawaki

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Ni ban yi boko ba, 'yata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara min magana. Abin da zan ba ku labari ya faru ne a shekarar da guguwar teku ta cika hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ruwa a nan New York, bayan an yi sunan jikata ta biyu, kafin rasuwar yayata ta Katsina. A lokacin ina da ƙarfina. Wankan jego ya kawo ni Amurka, na zo na zauna wa 'yata a unguwar Parkchester da ke yankin Bronx, zaman ya miƙe. Ba a daɗe ba matan Bronx suka san ni, domin duk gidan suna ko biki idan na buɗe baki da labari, har masu wanke-wanke sai sun bar kwanuka sun leƙo. Ina faɗin wannan ne don ku san ba rashin iya magana ya jefa ni cikin abin da na shiga ba.

Ɗana na fari likitan dabbobi ne, kuma a cikin dabbobin ma dawaki ya riƙe. Marigayi ubansa mai kula da dawakin ƙwallon doki ne, a barga yaron ya tashi. Ya yi karatunsa a gida, ya yi aiki, sannan ya zo nan ƙarin karatu, ya bar matarsa da 'ya'ya a Katsina. Ya sha jarrabawa iri-iri kafin su yarda shi likita ne, kamar dokin Amurka ƙafa biyar gare shi. Da ya gama aka ba shi izinin aiki na ɗan lokaci. Lauya ya ce idan wa'adin ya cika bai samu mai asibitin da zai ɗauki nauyinsa ya nema masa bizar aiki ba, sai ya tattara ya koma. Na ce to ni fa, ba uwarsa ba ce? Lauyan ya ce takardata ba ta ɗaukar ɗa mai iyali. Wurare da yawa sun yaba hannunsa, amma da an zo maganar biza sai su ce za su kira. Daga ƙarshe wata Baturiya, tsohuwar likita mai asibitin dawaki a bayan gari, ta ɗauke shi gwaji. Ta faɗa masa gaskiya cewa ta taɓa tsaya wa wani, ta yi ta zirga-zirga wurin lauya, yana samun takarda ya gudu wani asibitin. Ta ce ba ta shakkar iliminsa, abin da take so ta sani shi ne ko mutum ne mai zama. Shi kuma da karambaninsa ya gayyato ta gida cin abinci, wai ta ga danginsa.

Ku da kuka tashi a gida kun san tsakanin uwa da ɗan fari. Tun da na haife shi har zuwa lokacin ban taɓa kiran sunansa ba. Yayansu nake cewa, ko in ce wancan. Ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Kakarsa ce ta goya shi. Haka uwata ta yi wa yayata, kuma ba wanda ya ce ba ta ƙaunarta. Ni a wurina wannan shi ne mutunci, kuma har gobe ina alfahari da shi.

Ranar da baƙuwar za ta zo na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, na yi dambun nama, na haɗa zoɓo. Sai aka kira 'yata wurin aiki, wai wata abokiyar aikinta ba ta zo ba. Aka rasa mai fassara, na aika aka kirawo ƙawata 'yar Kumasi da ke hawa na ƙasa, mai aikin kula da tsofaffi. Allah Ya jiƙanta, mace ce mai gaskiya, gaskiyar da ba ta da birki. Baturiyar ta zo da wandon aiki da furanni a hannu, ta ci tuwo da hannu har ta nemi ƙari. Yayansu ya tashi ya shiga kicin ɗauko ruwa, sai ta juyo ta tambaye ni, wai yaya yake tun yana yaro, kuma ina alfahari da shi? Na kawar da kai kamar yadda kowace uwa za ta yi. Na ce wa, wancan? Ai ba nawa ba ne, na kakarsa ne, ban san halinsa ba, a tambayi wasu. Ta sake tambaya tana murmushi, na ƙara da cewa ai shi tun yana ƙarami ba ya zama wuri ɗaya, yau nan gobe can, ba mai iya riƙe shi. Ina nufin yawon barga. Ƙawata kuwa ta ɗauki maganar nan ta juya ta da Turanci tsaf, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Na ga murmushin matar ya ɗauke. Ta shanye zoɓonta, ta yi godiya, ta tafi. Ni kuwa na kwanta ina jin na fita kunya.

Sati ya zagayo ba ta ƙara tada maganar biza ba. Yayansu ya tuna mata, ta ce tana tunani. Wa'adi yana matsowa, har matarsa ta fara tambaya a waya ko ta gyara ɗaki. 'Yata ce ta tsare ƙawata ta tambaye ta me aka ce a wurin cin abincin nan. Da ta ji, ta shigo ko takalmi ba ta cire ba, ta ce Inna kin kashe mu. Ta ce a ƙasar nan uwar da ta ce ɗa ba nata ba ne, to wani mugun abu ya aikata, kuma abin da matar ke tsoro shi na miƙa mata da hannuna. Na ce ita Baturiyar ba ta da ɗan fari ne? Ta ce tana da shi, hotonsa ma yana kan teburinta, kowa ya shigo sai ta nuna masa. Na yi salati. Yayansu kuwa ya shigo. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya ce Inna abin da Allah Ya rubuta shi zai faru. Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Ya ce ya gwada yi wa matar bayanin al'adarmu, ta gyaɗa kai kawai, domin kowane ɗa zai kare uwarsa.

Na kwana ina juyi, da asuba na yanke shawara. Na ɗaura zanina mafi kyau, na sauka na ƙwanƙwasa wa ƙawata. Na ce bakin da ya ɓata shi zai gyara, tashi mu je. Ta ce Mma Hajiya, ni abin da ka faɗi shi na faɗi, domin su mutanen Kumasi kowa ka ne a wurinsu. Na ce to yau ma haka nake so, kada ki rage ko kalma. Muka hau jirgi mai lamba shida, muka sauya wani, muka shiga bas, har muka fara jin warin kashin doki. Wallahi sai na ji kamar na isa gida.

Mun iske likitar a tsakar barga, ma'aikata na kai da komo, yayansu yana can nesa riƙe da linzamin wata goɗiya mai ɗingishi, ya ba mu baya. Na ce a gaya mata ban zo roƙo ba, na zo ne in ba ta labarin da na hana ta. Na tsaya a tsaye na fara. Na ba ta labarin yadda ubansa ya kwanta ciwo, a daidai lokacin aka yi wa yaron tayin aiki a ƙasar Larabawa, ya ƙi, ya zauna yana juya uban yana yi masa wanka har ya cika. Na ba ta labarin tsohon dokin uban, wanda ƙafarsa ta lalace kowa ya ce a rabu da shi, yaron ya ci gaba da wanke masa ƙafar yana ba shi dusa har dokin ya mutu don kansa. Na nuna mata yadda dokin ke ɗaga kai idan ya ji takunsa, har haniniyar na yi, ma'aikatan suka bar aiki suka matso. Na ce tun da ya gama karatu barga ɗaya ya yi wa aiki, bai bar ta ba sai da mai ita ya rasu aka sayar da dawakin. Ƙawata na biye da ni, gumi na zuba, tana fassarawa har da hannu. Na ce a gaya mata a garinmu abin da ya fi tsada shi ake rufewa, shi ya sa na rufe shi.

Matar ta ce ta ji, amma abu ɗaya ya tsaya mata: duk zaman da ta yi a gidanmu ba ta ji na kira sunansa ba.  Na tuna uwata, na tuna kakarsa. Sai na dubi bayansa, na ga furfura ta fara fito masa a ƙeya, ni ban ma sani ba don ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Na ɗaga murya na kira sunansa na yanka. Bai juyo ba, don bai san sunan da muryata ba. Na sake kira. Ya juyo, linzamin ya suɓuce daga hannunsa, ya ce na'am Inna. Goɗiyar ma ba ta motsa ba. Ƙawata ta fashe da kuka, ta manta da fassara, kuma ba a buƙace ta ba. Baturiyar ta share ido da bayan hannu, ta ce a gaya min yau za ta kira lauya.

Ta cika alkawari. An shigar da takardu, aka ce kuma ba a hannunta kaɗai abin yake ba, sai an yi ƙuri'a, sai hukuma ta duba. Muka yi ta addu'a. Allah Ya yarda, sunansa ya fito, aka ba shi bizar. Daga baya matarsa da yaran suka iso, na yi musu girkin da har yau ake zancensa a gidan.

Ga abin da na koya. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma iyaye 'yan'uwana da ke zaune a ƙasar mutane, ku sani shirun da a gida ake karantawa ƙauna, a nan ƙiyayya ake karanta shi. Idan abincin ɗanka yana hannun wanda bai san al'adarka ba, buɗe baki ka faɗi alherinsa. Ku kuma samari masu neman aikin nan, ku kammala jarrabawarku, ku nemi mai asibiti na gaske da lauya na gaske, kada ku bi masu rantsuwa a bakin titi cewa suna da hanya. Wanda ya tsaya muku kuma kada ku gudu ku bar shi, don kuna toshe wa na baya ƙofa.

Cikin waɗanda suka tsaya a bargar nan, ƙawata 'yar Kumasi ta tafi a annobar korona. Goɗiyar ma ta mutu. Baturiyar tana nan da ranta, ta tsufa ta ajiye aiki, duk Sallah sai ta zo cin tuwo. Wanda ke riƙe mata asibitin yanzu shi ne wanda aka ce ba ya zama wuri ɗaya. Ni ma ga ni. Yanzun nan 'yata ta ɗaga biro tana tambaya ko ta rubuta sunansa a nan. Na ce ta ajiye. Na kira shi ranar da ya buƙata, ya ji, ya amsa. Shi dai yayansu ne.