Na Riga Mutanena Isa

Mun bar Kano ana kiran sallar asuba, mu biyar har da direba, a cikin bas ɗin ƙungiyarmu ta dillalan albasa. Ku da kuke bibiyata kun saba in na dawo daga tafiya in kawo muku labarin hanya da farashi da inda abinci ya fi daɗi. Wannan karon ma zan kawo, sai dai akwai abin da na kwana biyu ina juyawa a raina kafin in yarda in rubuta shi.

Ban daɗe da zama shugaban ƙungiyar ba, kuma wannan ce tafiyar farko da na jagoranta. Ni ban gaji kasuwa ba. Da dako na fara, na koma ɗinkin buhu, na koma dillanci, kuma abin da ya kawo ni inda nake shi ne sauri. In na ji kaya a wuri, nakan riga kowa isa. Tare da ni akwai sakatarenmu, da wata hajiya Bayarabiya 'yar Ibadan da ta daɗe tana sayen kaya a hannunmu, da wani dattijo da duk kasuwa ke kira Baba, wanda a rumfarsa na koyi gane albasar da za ta yi ajiya da wadda za ta ruɓe a hanya. Baba yana da ciwon suga. 'Ya'yansa ba su so ya yi tafiyar ba, ni na je har gida na ce su bar mini shi, yana hannuna.

Hanyar Funtuwa zuwa Gusau kowa ya san halinta, ba a hira sosai a kanta, kowa carbi yake ja yana kallon daji. Sai da muka wuce Mafara aka fara dariya a motar. Mun shiga Sakkwato da yamma, muka kwana. Bazara ce, kuma duk Bakanon da ke kukan zafi ina ba shi shawara ya je can ya kwana ɗaya. Katifar ma kamar an sauke ta daga kan murhu.

Da safe muka nufi Bodinga. Garin a natse yake, ba hayaniya, 'yan kabu-kabu suna ta kai da kawo, ga jakuna da raƙuma suna shigowa da buhuna daga fadama. Kuɗin da za ka sha fura da nono har ka ƙoshi a can, a Kano ko cokali ba za a miƙo maka ba. Hajiya ta sayi hoce, wata waina ta dawa mai tauri, ta gatsa ta ce wannan ai sai mai haƙoran aro biyu. Hausarta ta Sabon Ibadan ce, ta kuma sha wuya da Sakkwatanci. Mai furar ta ce mata, "Mi kika so?" ta juyo tana tambayata ko faɗa ake yi mata.

Abin da ya dame ni da mutanen wajen shi ne gaisuwa. Mutum zai tambaye ka gida, da iyali, da gajiya, da rana, da waɗanda ka baro, ya sake komawa farko, kai kuwa idonka yana kan buhunsa. A Dingyadi mun ga albasa mai kyau, ja, busasshiya, an jera ta cikin rudu, wato rumfar kara da suke ajiya a ciki iska na ratsawa. Farashi ya sauko saboda kakar albasa ce, amma manoman ba su da gaggawar sayarwa. A nan ne wani ɗan kamasho ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa wani dillali da tirela ya wuce tun da safe, ya nufi wajen Mandera.

Wajen Mandera kuwa can ne ainihin inda za mu. Akwai wani ɗan ƙauye a gefenta da muka yi magana da manomansa ta waya, suka ce mu zo mu ga kaya. Jin maganar tirelar nan sai jinina ya hau. Baba ya so mu tsaya Sifawa ya yi ziyara, na ce sai a dawowa. Da muka dawo Bodinga Hajiya ta ce a tsaya a ci abinci, Baba bai sa komai a cikinsa ba tun shayin safe kuma ya sha magani. Na ce ai an dafa mana a can, tafiyar ba nisa. Baba ya ce, "Mu je, Alhaji, kai ne shugaba."

Titin Shagari ba laifi. Bayan mun wuce garin muka sauka daga kwalta muka kama hanyar yashi, gonaki fayau hagu da dama, ba komai sai sabara. Rana na tsaka fanbel ya tsinke. Direba ya buɗe gaban mota ya tsaya yana kallonsa. Waya ba sabis. Inuwar da ke wurin ta wata 'yar aduwa ce da ko akuya ba za ta wadatar ba, cikin motar kuma ba ya zaunuwa.

Mun ɗan jima sai ga ɗan kabu-kabu shi kaɗai, ya nufi inda za mu. Ya tsaya. Wurin mutum ɗaya ne a bayansa, don ya ɗaure jarkoki. Na ga sakatare ya dubi Baba. Na ga Hajiya ta dubi Baba. Ba zan ce ban gani ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Bari in yi gaba in riƙe mana cinikin, in turo muku mota." Ba wanda ya ce a'a. Na hau. Har muka yi nisa lissafin buhuna nake yi, ban waiwaya ba.

A ƙauyen an shimfiɗa tabarmi a gindin wata babbar tsamiya, manoma sun taru, ga kwanonin abinci a jere an rufe da faya-fayai. Aka tarbe ni da "Ranka shi daɗe, sannu da rana," aka ba ni ruwan randa. Wanda suke kira Sarkin Noma, shugaban manoman wurin, wani siririn tsoho ne da hula ta koɗe, ƙafarsa duk busasshen taɓo. Da a kasuwarmu na gan shi da na ɗauka aikin lodi ya zo nema. Muka gaisa doguwar gaisuwar nan tasu, sannan ya leƙa bayana.

"Alhaji, kai ɗai kat taho? Mutum biyar anka ce muna."

Na ce suna tafe, mota ce ta ɗan ba mu matsala, kafin su iso ma iya fara duba kaya.

"Ina kab baro su?"

Na kwatanta masa.

"Wurin ga babu inuwa," in ji shi. "Da ruwa gare su? Da tsoho cikinsu?"

Na ce akwai dattijo, da mace ɗaya. Ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai mai son ya tabbatar ya ji daidai. Sai ya miƙe. Akwai wata a-kori-kura da ake yi wa lodin albasarsa a gefe, ya ce a sauke. Wani ya ce, "Ranka shi daɗe, rana za ta dahe ta." Ya ce, "Ku sauke dai." Aka zube buhunan a fili. Ya sa aka ɗauko jarkar ruwa da ƙwaryar fura da sukari, ya aika a kira mai gyaran injin ban-ruwa na ƙauyen, ya kama ƙarfen motar zai hau.

Na yunƙura na ce bari in bi su. Ya ce, "A'a, Alhaji, wuri ba ya isa in mun kwaso su. Zamna ka huta, ka sha rana."

Na zauna. A duk rayuwata ta kasuwa an zage ni, an kore ni daga rumfa, an taɓa ƙwace mini kaya a gaban jama'a, amma ban taɓa jin nauyin zama irin na tabarmar nan ba. Sun ba ni wuri mafi kyau, har da matashi. Ba wanda ya ɗaga faifai daga kan kwano, ba wanda ya ambaci albasa. Wani manomi mai furfura yana ta ja na da hira don kada in ji kaɗaici, yana tambayata ruwan Kano da farashin taki. Can na kasa haƙuri na tambaye shi labarin mai tirela.

"Awo, ya zo tun da hantsi," in ji shi. "Sarkin Noma ya ce mai mun riga mun ba mutanen Kano magana. Ya sha hura yat tahi."

Ashe tun kafin in hana Baba cin abinci a Bodinga an gama da zancen. Kayan suna nan suna jirana, ko da dare na zo.

Da a-kori-kurar ta dawo, an baro direbanmu wajen bas, Baba da Hajiya ne a gaba. Sarkin Noma yana baya a tsaye tare da sakatare, yashi ya rufe masa gira. Mutum biyu ne suka riƙo Baba ya sauko. Leɓɓansa sun bushe, rigarsa sharkaf da gumi. Daga baya sakatare ya gaya mini cewa bayan tafiyata jikinsa ya kama rawa, maganarsa ta fara sarƙewa. Hajiya ce ta cire gyalenta suka riƙe masa a kai ita da direba, ta lalubo dabino a jakarta tana sa masa a baki. Ma'aikacin lafiyar da aka kira ya duba shi ya ce sugansa ne ya faɗi, a ba shi abinci ya huta, Allah ya rufa asiri.

Kafin a zauna har Sarkin Noma da Hajiya sun saba. Ya ce wa jama'a mahaifiyarsa Bagobira ce, don haka yau baiwarsa ya tsinto bisa hanya. Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Kai Sarkin Noma, ji tsoron Allah! Bagobiri ya je ɗauko uwargijiyarsa, ai aikinsa ya yi." Wurin ya kaure da dariya, matan da ke leƙe ta katanga har da guɗa. Ni ma na yi dariyar, amma ba da ni ake yi ba.

Aka buɗe kwanoni, tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu. Baba ya ci kaɗan, ya sha ruwa, ya jingina da tsamiya. Sannan ya juyo ya dube ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Alhaji, ka samu albasar?"

Wallahi ba da gatse ya faɗa ba. Da gaske yake tambaya. Da ma zagina ya yi.

Bayan la'asar aka yi ciniki, a fili, kowa na ji. Kada ku ɗauka labarin waliyyi nake ba ku, tsohon nan ya matse ni matsa ta gaske, ya san farashin Legas kamar a can ya kwana. Amma na lura ba ya yanke magana sai ya juya ya tambayi masu ƙaramar gona, kuma da aka zo tsara lodi nasa buhunan ne na ƙarshe. In ya ce an gama, an gama, ba mai ƙorafi a bayan ido. Ni kuwa a ƙungiyarmu sai na buga tebur ake yin shiru.

Da za mu rabu na ja shi gefe na yi godiya, na ce ai da ya aiki wani, bai kamata shi da girmansa ya hau bayan mota cikin ranar nan ba. Ya ce, "In na aiki wani, mota ɗai za su gani. In ni nit tahi, sun san an damu da su." Ya gyara hularsa ya ƙara da cewa, "Tsohon ga naka mutumin kirki na. Duk hanya kare ka shikai, wai aiki ya yi maka yawa."

Mun kwana a Shagari, aka gyara mota, washegari muka kamo hanya. Da za a shiga, Hajiya ta buɗe ƙofar gaba ta ce, "Baba, nan." Ba wanda ya nemi izinina, na wuce baya kusa da buhun hocen da aka yi mana tsaraba. Mun tsaya Sifawa Baba ya yi ziyararsa, mun tsaya Bodinga an ci abinci a zaune. Har Kano ba wanda ya tayar da zancen. Ni na so in tayar a Gusau, na ce, "Baba, abin da ya faru jiya..." ya ɗaga hannu ya ce, "Ya wuce, Alhaji." Sakatare ya juya yana kallon taga.

Mun iso gida lafiya. Na kai Baba har zaure, na gaya wa babban ɗansa abin da ya faru da bakina, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "To, mun gode, Alhaji." Bai rako ni bakin mota ba.

Abin da na ɗauko daga tafiyar nan ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mini. Saurin da ya mai da ni dillali ba shi zai mai da ni shugaba ba. Na je ina ganin mutanen can sun cika ɓata lokaci da tambayar waɗanda ka baro, ashe ba gaisuwar baki ba ce, in amsarka ba ta gamsar ba tashi suke yi su je su duba. Kuma mutanenka za su iya yi maka shiru, su ce kai ne shugaba, su bar ka ka hau babur, alhali kowa ya gama auna ka.

Kaya sun iso, albasar ta yi kyau, 'yan ƙungiya suna ta yi mini barka. Baba yana amsa gaisuwata kamar kullum. Amma shekaranjiya da aka tayar da maganar komawa ɗauko kaya na biyu, aka tambaye shi ko zai je, sai ya ce a fara gaya masa wanda zai jagoranci tafiyar. Duk rumfar aka juyo ana kallona. Na ce sakatare ne.