Ranar da Injinmu Ya Yanka Ƙafar Hagu

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ranar ƙafar hagu zan ambata.

Lokacin ina sabon shiga a wani kamfanin takalma a Sharaɗa, an ɗauke ni gwaji a matsayin mai kula da kwamfuta. Mai kamfanin ya sayo injin yankan fata, ga kwangilar takalman 'yan makaranta a hannu, hutu kuma ya kusa ƙarewa. Sai aka tarar zanen ƙafar dama kaɗai ke cikin injin. Ma'aikata suka yi ta juya fata gabas da yamma, amma duk abin da ya fito dama ce. Da ma can da hannu, kwalin zanen kawai suke kifawa su sami hagu. To, wa zai kifa abin da ke cikin inji?

Alhaji mai kamfanin ya dube ni ya ce, "Malam, ko dai ka samo mana hagu, ko in sallami masu yanka, har da kai."

Na ce, "Alhaji, ku ba ni zuwa la'asar." Baki ne kawai ya faɗa.

Da na buɗe zanen sai na ga ashe ɗigo-ɗigo ne, kowanne da lamba biyu: nisansa daga gefe da nisansa daga ƙasa. Na rubuta abin da masu shirya manhaja ke kira kilas, wato tsarin da kowane ɗigo zai bi, na raɗa masa suna Ɗigo. Na koya masa matsawa, na koya masa juyawa, sannan na ƙara masa kifawa: lambar ƙasa ta tsaya yadda take, ta gefe ta tsallaka ɗaya ɓangaren. Layuka kaɗan ne fa, amma da su na kifa zanen duka na tura wa injin!

Injin ya tashi, wuƙa ta zagaya. Shugaban masu yanka, wani dattijo mutumin Jigawa, ya ɗaga fatar ya haɗa da ta dama, suka zauna cif. Ya ce, "Allahu Akbar! Jama'a, ga hagu ta fito!" Wuri ya kaure da sowa. Ni da nake ta jan girma tun safe, sai ga ni ina tsalle a gaban Alhaji, ko kunya babu. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ba wanda aka sallama. Ranar na gane cewa lissafin da muke rainawa a makaranta, tukunyar gidan wani na iya dogara da shi. Tun daga nan ban ƙara rubuta layi ɗaya da wasa ba.