Ɗanyen Bedi a Kan Gyaɗar Turai

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a layin da ke bayan tashar Dutsin-Ma ya san gidan Turai, ko da bai san fuskarta ba. Shekarunta hamsin da bakwai, ta yi talatin da ɗoriya daga ciki tana matsar man gyaɗa. A unguwar ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga wa mijinta, Malam Dalhatu, murya. Ɗan tsaki ne kawai take ja ta gefen baki, wanda matan layin suka ce gara zagi da shi.

A Rawayau aka haife ta, ƙasar Kurfi. Mahaifinta, Almu Masassaƙi, shi ke sassaƙa turmi da taɓarya da ƙotar fartanya ga ƙauyukan wajen. 'Ya'yansa maza sun zo a makare, saboda haka Turai ce ta tashi tana danne masa gungume yana sara da gizago. A nan ta koyi abin da babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Ba a sare itacen aiki sai bayan kaka, lokacin da ruwan jikinsa ya ja baya. In an sare, a shafe bakin saran da kashin shanu don kada ya tsage, a kwantar da shi a inuwa ya shekara. In kuma ana shakka, a ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa: busasshe yana amsawa garau kamar ƙwarya, ɗanye kuwa sai ka ce buhun gari ka buga.

Aure ya kawo ta Dutsin-Ma. Malam Dalhatu mai kula da sito ne a wani ofishin gwamnati. Shekara talatin da biyar ya yi tsakanin tebura da kujeru, ana kawowa yana karɓa, ana ɗauka yana sa hannu. Da ya yi ritaya a 2021 sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya san yadda ake yin su, kamar fasinjan da ya daɗe a gidan gaba har ya fara jin shi ma direba ne. Ɗansu Khalil ya ƙara wa wutar fetur da ya aiko masa da babbar waya. Malam ya wuni yana kallon Turawa suna fere katako a ɗakuna masu sanyi. Bai cika wata ba ya sayo zarto da guduma da tef ɗin awo, ya soke fensir a bayan kunne, har masallaci da shi yake zuwa.

A yi masa adalci, tare suke tsara aikin. Bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ita tana faɗin abin da gidan ke buƙata, shi yana rubutawa a littafin 'yan makaranta. Turai ta ji daɗin wannan zaman, ba ta ɓoye ba. Shekara talatin da wani abu bai taɓa neman shawararta a kan abin da ya wuce miya ba. Ta yi zaton an samu haɗi mai kyau, ita da ido da kunne, shi da lokaci da ƙarfi. Abin da ba ta sani ba shi ne, duk shawarar da ta shiga littafin nan, a nan take kwana.

Benci suka fara yi. Ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ya rage ta. Sai wata ta fi, ya rage ita ma. Haka ya yi ta bin ƙafafun da zarto har bencin ya koma kujerar tsuguno mai cin mutum huɗu. Kantar madafa ta biyo baya. Ta ce masa bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa sai an dasa itace a ciki, ya ce a wayar ba haka aka yi ba. Kwana uku kantar ta yi, a na huɗu ta sauko da tasoshinta gaba ɗaya. Ƙofar akurki kuwa ta yi kyau a ido, sai dai akuyar gidan ta riga kaji gane yadda ake buɗe ta.

Duk wannan Turai ta shanye, don benci da kanta ba su ne abincinta ba. Abincinta yana ɗakin da ke kusurwar gidan. Kowace kaka takan sa a sayo mata ɓararriyar gyaɗa daga Kuki da Tamawa, ta jibge a nan, ta riƙa ɗiba har wata kakar. Gyaɗa ba ta wasa da laima. In ta jiƙa ta yi fumfuna, manta ɗaci, ƙulinta ɗaci, ko kyauta ba mai karɓa. A watan Maris na 2023 buhu goma sha huɗu ne suka rage mata, kuma su ne za su kai ta sabuwar gyaɗa. Rufin ɗakin tsohuwar azara ce, gara ta cinye cikinta ta bar fata.

Suka zauna a tabarma suka tsara. Za a sauke azarar a sa kwano. Katakon rafta za a karɓo a Kurfi wurin ƙanenta Jibo, wanda ya gaji sana'ar gidansu kuma yake da rumfar busasshen katako. Za a shafe kowanne da baƙin mai saboda gara. Sai da ta sa ya karanta mata abin da ya rubuta, ya karanta, ta ce madalla. Washegari ta tafi Rawayau suna.

Kwana uku ta yi. Da mai babur ya sauke ta, sai ta ɗauka ya ɓata layi. Bishiyar bedi, wato darbejiyar da ke ƙofar gidan tun kafin a kawo ta amarya, babu ita, sai kututture. 'Yan majalisar Malam, waɗanda suka shekara ashirin suna shan inuwarta, suna jere a gindin katanga kamar ƙadangaru, kowa ya kare fuska da hula.

A tsakar gida ta tarar da bishiyar, mai inji ya tsaga ta dogaye-dogaye, ruwa na tsatsafowa daga jikinsu. Malam Dalhatu na tsaye a kansu da tef a wuya.

“Sannu da hanya. Kin ga ikon Allah? Katako a ƙofar gida, muna shirin zuwa Kurfi nemansa.”

Ko mayafi ba ta cire ba. Ta sunkuya ta ƙwanƙwasa ɗaya, ta ƙwanƙwasa na biyu. Ba amsa.

“Malam, mi muka rubuta?”

“Mun rubuta katako. Wannan mi ne, rogo?”

“Gara rogo, ana ci. Wannan ko tuwo ba ya dafawa, hayaƙi zai yi. A jingine shi a inuwa, baɗi war haka sai a yi magana.”

“Baɗi! Ke dai kin tsaya a zamanin kashin shanu. Bedi fa ko gara ba ta cin sa, na gani an yi bayani.”

“Gara ba ta cin sa. Rana fa? Shi mai bayanin ya taɓa yin bazara a Dutsin-Ma?”

Ya ce ƙusa ita ke riƙe katako, ba tatsuniya ba, kuma ya sayo inci huɗu. Ta ja tsakinta ta shige ɗaki.

Kwana huɗu ya gama rufin. Ya kira 'yan majalisa suka shigo suka ɗaga kai. Alhaji Talha mai hatsi, wanda ya fi kowa zaƙin baki a cikinsu, ya ce ko a Katsina sai an tona kafin a samu irin wannan aiki. Aka mai da buhunan ciki, Malam yana nuna inda za a ajiye kowanne kamar shi ya noma.

Sai Afrilu ta shigo da zafinta. Da tsakar rana Turai takan bar suya ta tsaya a ƙofar ɗakin ta kasa kunne. Rufin na ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Cikin mako biyu raftocin suka fara murɗewa, wani ya yi baka, wani ya juya ciki waje kamar igiyar da ake tufka. Kawunan ƙusoshin suka ɗago daga kwanon. In ta shiga ta rufe ƙofa, sai ta ga haske ya ɗiɗɗigo a kan buhunan, a daidai inda ruwa zai bi.

Ta same shi da maganar a kwashe gyaɗar zuwa wani ɗaki kafin ruwan fari.

“A kira 'yan dako ke nan,” in ji shi. “Su fita su gaya wa tasha cewa matar Dalhatu ba ta yarda da rufin mijinta ba. Turai, in kika fitar da buhu ɗaya daga ɗakin nan, kin tsaya a kasuwa kin zage ni.”

Nan ya kama ta. Tarbiyyar gidan Almu ba ta tsaya ga itace ba. An koya mata cewa mace ba ta kwance wa mijinta zane a kasuwa, ko da shi ya ɗaura shi a karkace. Ta kwana biyu tana auna gyaɗarta da mutuncinsa, ta ga kowanne ta saki ita ce a ƙasa.

Buhu ne Malam ya ce kada a fitar, saboda haka ba ta fitar da buhu ba. Roba ta ɗauka. Duk sanda ya fita majalisa sai ta kwance bakin buhu ta cika robar, ta ɗora a ka, ta kai ɗakinta ta juye a wani buhun. Mace mai ciwon gwiwa, sawu goma sha biyu kafin buhu guda ya ƙare, ga suya na jiran ta. Ɗakinta ya cika har sai ta karkata take kaiwa ga gado. Malam ya gani sarai. Ya zaɓi ya riƙa kallon sama in zai wuce ƙofar, don wanda bai gani ba ba a zage shi ba.

Buhu tara ta kwashe. Biyar na ciki ranar wata Alhamis a ƙarshen Mayu, bayan azahar, da gabas ta yi baƙi. Iskar da ta riga ruwan ba ta kai wadda aka saba gani ba. Ko rumfar mai shayin bakin layi, da aka ɗaure da tsumma, ba ta motsa ba. Amma iskar ta sa hannu ƙarƙashin rufin Malam Dalhatu ta ɗaga shi kamar faifai a bakin ƙwarya. Kwano uku suka faɗa gidan maƙwabta, sauran suka tsaya a tsaye suna kaɗawa. Ruwa ya sauka kai tsaye a kan buhunan.

Turai ta shiga da tabarma da ledar shanya tana rufawa, ruwa na dukan bayanta, tana jan buhun da ya fi ƙarfinta. Malam ya fito a guje da guduma a hannu. Ya tsaya a tsakar gida yana duban sama, ya rasa abin da zai buga.

“Ajiye ta ka kama nan!” Wannan ce tsawa ta farko da maƙwabta suka taɓa ji daga gidan. Ya ajiye, ya kama.

Kwana uku ana shanya. Buhu biyu suka tsira, uku suka yi baƙi suka tafi juji, don ko akuya Turai ba ta yarda a ba ba. Ta san abin da hakan ke nufi: wajen watan Agusta kaskonta zai huce, masu sayen manta su koyi hanyar wani gida, kuma ba duka ke dawowa ba.

A majalisa Malam ya ba da bayani. Ya ce iskar bana daban ce, duniya ce ta canza, ko a waya ana ta faɗa. Alhaji Talha ya ce ƙwarai kuwa, shi ma ya lura.

Turai ba ta sake shimfiɗa tabarmar shawara ba. A gabansa ta kira Jibo, ta gaya masa tsawon ɗakin da faɗinsa da ka. Ranar Asabar ya iso daga Kurfi da katako a bayan a-kori-kura. Ta sa hijabi ta fito har zaure, abin da ba ta saba ba, 'yan majalisa na kallo, ta bi katakon ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa. Biyu ta ture gefe da ƙafa.

“Haba Yaya, har ni?” in ji Jibo.

“Har kai. Waɗannan ba su shekara ba. Baba na raye da ka kawo su?”

Jibo ya yi dariya ya mai da su mota. Malam Dalhatu ya matso yana warware tef, ya ce bari ya duba awon. Jibo ya ce, “Malam, huta, an riga an auna.” Turai ta miƙa wa mijinta gwangwanin baƙin mai da tsumma, ta ce kowane katako fuska huɗu gare shi, kada a manta ko ɗaya. Ya shafe su duka a bakin zaure, a rana, babu inuwar da zai fake.

Ran Litinin aka gama. Jibo da kansa ya mai da buhu goma sha ɗayan ciki, ya ɗora su a kan duwatsu. Ya kafa wa ƙofar sabon kwaɗo, Turai ta karɓi makullin ta ƙulle a bakin zanenta.

Da yamma Malam ya zo ya tsaya a bayanta tana tankaɗe. Ya yi gyaran murya. Ya ce yana son ya shiga ya ga yadda yaron nan ya haɗa kusurwa, don akwai wata dabara da ya gani wadda za a iya ƙarawa.

Ba ta ɗago ba. “Akwai taga ta baya, Malam,” ta ce. “Ana ganin komai daga nan.”