Tafiyata Bauchi Ganin Bakwainin Hadiza

Zungur

Na fita daga gida ana kiran assalatu, ran Talata. 'Yata Hadiza, wadda ke aure a Gwallaga, ta haihu wata bakwai, an sa yaron a kwalba a asibiti. Maiɗakina ta miƙo mini ƙaramin kwano na man shanu, ta ce, "Malam, a lasa masa. Duk 'ya'yana da shi na fara, ko ɗaya bai rame ba."

Na yi sallah a bakin titi, na hau wata tsohuwar mota mai ɗauke da buhunan gero. A shingen 'yan sanda aka buɗe kwanon. Ɗan sandan ya shinshina, ya ce, "Baba, tuwon fa?" Da na ce na jariri ne, sai ya rufe, ya ce Allah ya raya.

Gwallaga

Da hantsi na isa, daga tasha na hau keke mai ƙafa uku. Surukina Sabo tela ne, na tarar da shagonsa a rufe, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo koko da ƙosai. Ban iya cinyewa ba. Ya ce tun jiya jikin yaron ya yi sanyi, numfashinsa yana tsayawa yana dawowa.

Asibiti

Ma'aikaciyar ɗakin jarirai 'yar Kudu ce, Hausarta a karye amma ana fahimta. Ta sa na wanke hannuwa har gwiwar hannu, ta ga kwanon, ta tare ƙofa.

"Baba, wannan ba zai shiga ba."

Na ce, "'Yata, ai na ji ku ma mai kuke ba shi."

Likita ya zo ya zaunar da ni. Ya ce haka ne, akwai wani mai da ake tacewa, irin na kifi da wani mai kama da shi, wanda jariri ke samu a watannin ƙarshe na ciki domin ƙwaƙwalwa da ido. Bakwaini ya fito bai gama ɗiba ba, shi ya sa ake ƙara masa, gwargwado, tare da nonon uwarsa. Amma hanjinsa bai yi ƙwari ba, abin da ya taɓa hannu ko kwano zai iya kai masa cuta. Kuma ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga jininsa.

Na tambaye shi, "Man naku ne ya jawo, ko shi ke tsare shi?"

Ya ce, "Malam, masana suna kan bincike. Ba zan faɗa maka abin da ban tabbatar ba."

Na ga yaron ta gilashi, roba a hanci, tsawonsa bai wuce allon ɗan farin shiga ba. Na yi masa huɗuba daga inda nake tsaye, na sa masa Yusufu. Hadiza na gefe tana tatsar nono a ɗan kofi, ba ta ɗago ba.

Na kwana biyu a zauren Sabo. Ran Alhamis bayan la'asar ya shigo ya zauna kusa da ni, ya cire hula, ya ce Yusufu ya koma. A hannu ɗaya na ɗauki yaron zuwa makwancinsa.

Komawa

Ran Juma'a na samu mota bayan an sauko daga masallaci, na iso Zungur gab da magariba. Maiɗakina ta ga fuskata, ta zauna a dokin ƙofa.

Ina godiya ga Allah da ya ba mu shi kwana biyar, da waɗanda suka tsaya a kansa. Wanda ya karanta wannan ya sa Hadiza a addu'a, har yanzu nononta yana zuba.