Tambayar da Na Riƙe wa Baffana

Shekarun baya, lokacin ina direba a wani kamfani a nan Riyad, akwai mutum ɗaya da ba na son mu haɗa ido, kuma shi ne ya yi mini hanyar zuwa ƙasar. Baffana ne, ƙanin mahaifina. Shi ya nemo mini kafili, wato ɗan ƙasar da zai tsaya mini, shi ya yi ta zarya har iƙamata, takardar izinin zama, ta fito. Yana unguwar Ulaisha yana gadin wani sito, ni ina unguwar Batha, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba, amma sai in yi wata uku ban leƙa shi ba.

Dalili kuwa, a hannunsa mahaifina ya rasu. Su biyun ma'aikatan jirgin ruwa ne a kogin garinmu, irin ƙaramin jirgin nan mai ƙarfin inji da ke tura manyan kwale-kwalen ƙarfe na dakon kaya. A jikin madatsar ruwa akwai mashigar jirage, wani dogon lungu mai bangon siminti hagu da dama da ƙofofin ƙarfe. Jirgi zai shiga a rufe, a ɗaga ruwa ko a sauke, sannan ya fita ta ɗaya gefen. Baffa ne matuƙi a can bayan kayan, mahaifina yana can kan goshin kayan yana yi masa alama da hannu. Wata rana goshin ya bugi bango, mahaifina yana tsakani. Shekarata tara a lokacin.

Tun daga ranar tambaya ɗaya ce ke ci mini rai: me ya hana shi taka birki? Da na girma na kama sitiyari sai abin ya ƙara tsaya mini, don ni ko akuya ce ta gilma ina tsayawa. Ban taɓa tambayarsa ba. Na dai yanke masa hukunci a zuciyata, duk alherin da ya yi mini kuma na ɗauke shi a matsayin biyan diyya.

Ana nan sai kamfani ya haɗa ni da wani injiniya Bamisire da ya zo baje kolin na'urori, in riƙa kai shi ina ɗauko shi har mako guda. Da na ji abin da ya kawo sai da na yi dariya. Na'urar taimakon jiragen kogi wajen shiga mashiga, a garin da ruwan wanka ma daga nesa ake turo shi! Ya ce masu sayen ne ke taruwa a nan, kogin yana ƙasashensu.

A rumfarsa an kafa ɗakin tuƙi na gwaji, da manyan allunan talabijin da hannayen inji kamar na gaske. Wata safiya kafin jama'a su cika ya yafito ni da Larabcinsa ya ce, "Ta'al ya sadiƙ, kai ba direba ba ne? Shigar mini da jirgin nan cikin mashigar."

Na gyara tsayuwa irin ta wanda ya san aiki. Ya kashe ƙaramin allon da ke gefe, ya ce in yi da idona kawai. Abin da na fara lura da shi, goshin kayan yana can nesa kamar ƙarshen filin ƙwallo, bakin mashigar kuma bai fi ƙofar gareji ba a idona. Na nufe shi tiryan-tiryan, sai na ga goshin yana zamewa gefe ba tare da na juya komai ba. Ƙafata ta shiga laluben ƙasa. Ba komai a wurin sai kafet.

Na ce, "Injiniya, ina birkin?"

Ya yi dariya. "Jirgin ruwa ba shi da birki. Sai dai ka juya inji baya ka yi addu'a. Kaya masu nauyi haka, kafin su ji maganarka sun yi tafiya mai nisa."

Na juya inji baya da dukkan ƙarfina, ina kallo jirgin ya ci gaba abinsa har ya daki bango. Sau uku ina gwadawa, sau uku ina dukan bangon nan. Sannan ya kunna ƙaramin allon. Ga jirgin an zana shi daga sama, ga tazarar goshi da bango tana sauyawa, ga kibiyoyi suna nuna inda ruwa ke ja, har da inuwar inda jirgin zai kasance nan da ɗan lokaci. Ya ce idan ana sakin ruwa a madatsa, yakan ja goshin jirgi ta ƙasa, ido ba ya gani sai aiki ya lalace.

Na ce, "To, da can da babu wannan fa?"

"Sai Allah, sai mutumin da ke tsaye a gaba."

Washegari bayan Azahar na je Ulaisha na ɗauko Baffa, ya sako tsohuwar jallabiyarsa bai ko tambaye ni ina za mu ba. Da ya ga ɗakin tuƙin sai ya tsaya cak. Ya yi bisimilla, ya kama hannayen injin, ya shiga lallaɓa jirgin tun daga nesa, yana karkata shi tun kafin ruwan ya fara ja. Ya shige ko gogar bango bai yi ba. Injiniyan yana ta faɗin masha Allah, shi kuwa Baffa ƙaramin allon ya ƙura wa ido.

Ya nuna lambar tazarar da yatsa ya ce mini, "Wannan ne aikin Yaya." Sannan ya ci gaba. "Ya ga ruwa ya ɗauke mu, sai ya sunkuya zai zura taya tsakaninmu da bango. Ina ganin hannunsa ya ɓace na ba inji baya. Ina ji ina gani muka ci gaba da tafiya."

A mota na kasa tayar da inji. Na ce, "Baffa, a yafe mini. Tun ina yaro nake ɗora maka mutuwarsa."

Ya ce, "Na sani."

"To me ya sa ba ka taɓa yi mini bayani ba?"

"Yaron da ya rasa uba sai ya samu wanda zai yi fushi da shi. Na ga gara ka yi da ni da ka yi da Ubangijinka."

Na kifa kai a sitiyari na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izar.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya ishe ni. Na auna mutum da sana'ata, alhali ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa inda ya tsaya ba. Baffa ya koma gida bayan shekara biyu, Allah ya karɓi abinsa a can, ya jiƙansa da rahama. Ya yafe mini, wannan ba na shakka. Abin da har yau ke yi mini ciwo shi ne, mun yi shekara takwas a gari ɗaya, yana cin abincinsa shi kaɗai a bakin sito.