Kawu Modu da laftof ɗina

Hannuna na dama yana riƙe da ɗan kilif, wato maƙalin waya, a cikin laftof ɗina sai na ji sallamar Kawu Modu, wanda ya zo daga unguwar Limanti.

Firmware nake canja mata, wato manhajar da ke fara tada kwamfuta. Na cire ta kamfani, ina ɗora wadda kowa zai iya dubawa ya gyara. Kilif ɗin ya saki jiki, in na ɗaga hannu aikin ya lalace.

Kawu ya miƙo hannu. Na ce, "Kawu, a yi mini afuwa, in na saki za ta mutu."

Ya dubi laftof, ya dube ni. "Ita ce ƙanin uwarka?"

Na saki. Muka yi wushe wushe, gaisuwar Kanuri, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, har makwabta. Allo ya yi baƙi ƙirin.

Da na sake gwadawa, shi ya riƙe mini kilif ɗin, yana ci gaba da gaisuwa. Ta tashi.

Yanzu duk dangi sun san Kawu yana gyaran kwamfuta.

Ku da kun saki, ko da kun riƙe?