Ciwon Bayan Yaya Hajo da Ƙwayoyin Kasuwa

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayata Hajo makwancinta a Gwandu, kuma har yau ban manta maganar likitan da ya duba ta a ƙarshe ba.

Yaya Hajo sana'ar gumi take yi. Ta jiƙa shinkafa, ta turara, ta shanya, duk a duƙe. Bayanta ya fara ciwo bayan haihuwarta ta ƙarshe, daga ƙugu yana sauka har ƙafar hagu. Mata suka ce haihuwa ce, zai wuce. Bai wuce ba. Wanzami ya yi mata ƙaho, an kai ta wajen wani mai ɗori a Diggi ya murza ta har ta yi ƙara, ta sha saiwoyi kala-kala. Daga baya wani mai tallar magani a kasuwa ya haɗa mata ƙwayoyi a ƙullin leda. Ranar ta yi aiki har la'asar ba ta zauna ba. Duk muka yi murna.

Shekaru ta yi tana sha safe da yamma. In na zo daga Kalgo, inda nake koyarwa, sai ta ce, "Auta, wanga magani shi ka riƙe da ni."

Da ƙafafunta suka kumbura muka kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Likitan ya zazzage ledar a tafin hannunsa, ya dube ni.

"Malam, bayan nata ba mai kisa ba ne. Da gashin ƙashi da rage duƙawa da ta samu sauƙi. Ƙodarta ce ta lalace, kuma waɗannan nake zargi."

Yaya Hajo ba ta ga damina ta gaba ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Masu tallar sun ƙaru, har da lasifika a kan babur, wasu kuma cikin waya suke rantsuwa maganinsu na warkar da baya nan take. Asibitin da ake gashin ƙashi yana nan, hanya ma ta fi ta da kyau, sai dai matan unguwarsu ba su san da shi ba.

Watan jiya na je gaida 'yarta Asma'u, wadda ta gaji tukwanen gumin. Na tarar da ita tana kwance ƙullin leda, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

"Asma'u! Ba ki san abin da ya kwantar da uwarki ba?"

"Na sani, Kawu," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "In ban sha ba, wa zai sauke tukunya?"

Washegari na sa ta a mota zuwa asibitin gashin ƙashin. Yanzu ana gasa mata bayan, an koya mata motsa jiki, mijinta kuma ya ɗaga murhun ya kai mata ƙugu.

Hajo ta bar sana'a mai albarka, ta bar 'ya'ya masu zuciyar nema. Ta kuma bar musu haƙurin nan da muka yi ta yabo a zaman makokinta, na mace ta haɗiye ciwo ta koma aiki. Wannan kam ba na so jikokinta su gada. Allah Ya jiƙanki, Yaya.